Rarraba Nauyi: Yadda Za a Sauki Sabon Kifin Anemoni a Tankin Ruwan Gishiri

Tsakure

Wannan takarda ta duba matsalar da ke addabar masu kiwon kifin ado na ruwan teku, wato rashin lafiya ko mutuwar sabon kifin anemoni a makonnin farko bayan shigarsa tanki. Ta nuna cewa sabon kifi yana fuskantar nauyi iri uku: sauyin ruwa, ƙwayoyin cuta, da neman matsayi a cikin waɗanda ya tarar. Kowane ɗaya daga cikinsu kifin zai iya ɗauka idan ya zo shi kaɗai, amma haɗuwarsu a rana guda ita ce ke kayar da shi. Saboda haka takardar ta kafa hujjar cewa babban aikin mai kiwo shi ne ya rarraba waɗannan nauye-nauye a kan makonni, sannan ta amsa sukar da aka fi yi wa wannan ra'ayi.

1.0 Gabatarwa

Kifin anemoni ƙaramin kifi ne da ke zaune a duwatsun murjani na Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik da Bahar Maliya. Masana sun tantance kusan iri 30, akasarinsu a ƙarƙashin jinsin Amphiprion. Wanda ya fi shahara shi ne Amphiprion ocellaris mai launin ruwan lemo da ratsin fari uku, wanda yara da manya suka sani da Nemo tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003. A teku yana rayuwa ne a cikin anemoni, wata halitta mai kama da fure wadda yatsunta ke harbi da dafi, kuma da wuya ya yi nisa da ita. Babu irinsa ko ɗaya a Tekun Atilantika, don haka duk wanda aka gani a tanki a Legas ko Landan, ko dai an ƙyanƙyashe shi a gonar kifi ne, ko kuwa an kamo shi daga wani teku mai nisa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, wanda Colette Wabnitz da abokan aikinta suka rubuta, ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifin ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a shekara, daga iri 1,471, kuma Filifin da Indonesiya ne kan gaba wajen fitar da su. Kafin irin wannan kifi ya iso hannun mai saye, ya ratsa hannun masunci da dillali da mai fitarwa da mai shigowa da mai shago, kowanne da nasa ruwan. Abin takaici shi ne yawancin shawarwarin da ake ba mai saye sun tsaya ne a kan sa'ar farko ta ranar isowa, yadda za a buɗe leda da yadda za a gauraya ruwa, alhali kuwa makomar kifin tana rataye ne a kan abin da aka shirya makonni kafin ya zo da abin da aka yi makonni bayan zuwansa.

2.0 Abin da Wahala Take Yi wa Jikin Kifi

Kafin a fahimci dalilin rarraba nauyi, sai an san irin aikin da jikin kifin teku yake yi ko da yana zaune lafiya. Gishirin da ke cikin jininsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke cikin ruwan teku ba, saboda haka ruwa yana ta tsiyayewa daga jikinsa ta gaɓoɓin numfashi dare da rana. Don ya maye abin da ya rasa, yana shan ruwan teku, yana fitar da rarar gishiri ta wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke gaɓoɓin numfashin, yana kuma rage fitsari. Wannan aiki yana cin ƙarfi. Idan aka tsorata kifi, jikinsa yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Na farko yana ƙara gudun jini a gaɓoɓin numfashi don a samu ƙarin iskar oksijin, amma hakan yana buɗe ƙofa ga ƙarin asarar ruwa da shigowar gishiri. Na biyu kuwa, idan ya daɗe da yawa a cikin jini, yana rage sha'awar abinci, yana kuma raunana garkuwar jiki. Sjoerd Wendelaar Bonga ya tattaro wannan bayani a bitar da ya wallafa a 1997 a kan yadda jikin kifi ke amsa wahala.

Shaidar da ta fi dacewa da hujjarmu ta fito ne daga binciken Bruce Barton da Carl Schreck da abokiyar aikinsu a 1986. Sun riƙa damun 'ya'yan kifin salmon sau da dama a jere, tazarar 'yan sa'o'i tsakani, sai suka tarar kowace damuwa tana hawa ne a kan wadda ta gabace ta, martanin jiki yana ƙaruwa maimakon ya koma inda ya faro. Gaskiya ne salmon da kifin anemoni ba gida ɗaya suka fito ba, amma tsarin kotisol abu ne da kifaye masu ƙashi suka yi tarayya a kansa. Darasin a fili yake: wahala tana taruwa, kuma lokacin hutu tsakanin wata da wata shi ne ke ba jiki damar farfaɗowa. Mai kiwon da ya kawo kifi daga shago, ya sauya masa gishiri da zafin ruwa, ya kunna masa fitila mai ƙarfi, ya jefa shi cikin kifayen da suka riga suka mallaki wurin, duk a yammaci ɗaya, ya tara masa abin da ya kamata a raba a kan wata guda ko fiye.

3.0 Nauyi na Farko: Ruwa

Aikin ruwa yana farawa tun kafin a sayi kifi. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. A tankin da ya nuna, akwai bakteriya a jikin duwatsu da matatar ruwa masu mayar da amoniya zuwa nitirait, sannan nitirait zuwa nitiret wadda cutarwarta ba ta kai ta sauran ba. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. An daɗe da al'adar saka kifin anemoni ko danginsa a ɗanyen tanki don kashinsu ya ciyar da bakteriyar, bisa hujjar cewa suna da juriya. Wannan al'ada ba ta da abin kare kanta a yau, tunda ana iya ciyar da bakteriyar da amoniyar kwalba ko ɗan abincin kifi ba tare da an ƙona gaɓoɓin numfashin wata halitta ba. Kada kifi ya shiga sai gwaji ya nuna babu amoniya babu nitirait, zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, ma'aunin pH kuma yana kusa da 8.1 zuwa 8.4.

Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, wanda ya yi daidai da nauyin ruwa 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin da masu kiwo ke amfani da shi. Shaguna da yawa kuwa suna ajiye kifinsu a ruwan da gishirinsa bai kai haka ba, don tsimin gishiri da rage cuta. Kifin teku ya fi jure raguwar gishiri a kan ƙaruwarsa, domin ƙaruwa tana nufin ƙarin asarar ruwan jiki a daidai lokacin da ba shi da ƙarfi. Hanyar da aka saba bi wajen cike wannan giɓi ita ce ta ɗigo: a juye kifi da ruwan ledarsa a bokiti, a riƙa ɗiga ruwan tanki ta siririn tiyo na tsawon sa'a ɗaya ko biyu. Masu goyon bayanta suna ganin ita ce mafi sauƙi ga kifi, kuma ga wanda aka ɗauko daga shagon cikin gari, tafiyar minti talatin, ba laifi. Amma ga kifin da ya kwana a leda, hanyar tana da haɗarin da ba a cika lura da shi ba. A cikin rufaffiyar leda, iskar da kifi ke fitarwa tana taruwa, tana saukar da pH, sai amoniyar da ta taru ta koma siffar da ba ta ratsa gaɓoɓin numfashi da sauƙi. Idan pH yana 7, ɓangaren amoniya mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya kai 8.2, ya haura kashi 5. Da zarar an buɗe ledar iska ta fice, aka kuma fara ɗiga ruwan tanki, pH zai hau, gubar ta ninka, kifin kuma yana zaune a cikinta har sa'a biyu. Ga shi kuma sa'a biyu ba ta isa jiki ya daidaita da babban sauyin gishiri ba, wannan aikin kwanaki ne.

Mafita ita ce a kai ruwa wurin kifi. Mai saye ya tambayi mai shago yawan gishirin ruwansa, ya tabbatar da na'urar awo, ya haɗa ruwan ƙaramin tankin sauka daidai da shi. Ranar isowa, a ɗora rufaffiyar ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita, a ciro kifin a sake shi, a zubar da ruwan ledar, a kashe fitila, a rufe tankin da murfi domin kifin da ya firgita yakan yi tsalle. Daga nan sai a riƙa ƙara gishiri kaɗan-kaɗan a cikin kwanaki har ya kai na babban tanki.

4.0 Nauyi na Biyu: Cuta

Wannan ƙaramin tanki shi ne kuma wurin killacewa. Makiyayin da ya sayo dabba daga kasuwa ba ya sakinta cikin garke ranar da ya kawo ta, yakan ɗaure ta gefe ya ga yadda take ci da yadda take kwana. Dalilin da ya sa yake yin haka shi ne dai dalilinmu. Cututtuka uku ne suka fi yi wa sabon kifin anemoni barazana. Ta farko Brooklynella hostilis, wadda Lom da Nigrelli suka bayyana a 1970, ta shahara a kan wannan kifi, musamman wanda aka kamo daga teku. Tana cin fata da gaɓoɓin numfashi, sai a ga yauƙi fari yana saɓulewa daga jikin kifin yana haki, kuma tana iya kashewa cikin 'yan kwanaki. Fomalin ne maganin da aka fi dogara da shi. Ta biyu Amyloodinium ocellatum, mai sa jiki ya yi kamar an barbaɗa masa ƙura, ita ma kisanta da sauri. Ta uku Cryptocaryon irritans, mai fararen ɗigogi, wadda tsarin rayuwarta shi kaɗai ya isa hujja. Tana zama a jikin kifi kwana 3 zuwa 7, ta faɗo ƙasa ta lulluɓe kanta, ta hayayyafa a ciki, sannan ta saki ɗaruruwan 'ya'ya masu neman sabon kifi. Angelo Colorni da Peter Burgess sun ruwaito a 1997 cewa wannan zaman lulluɓi yana iya kaiwa kwana 72. Ke nan ɓacewar ɗigogi daga jikin kifi ba warkewa ba ce, kuma idan cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifayen duka an bar shi fiye da wata biyu babu kifi. Ƙari a kan haka, maganin jan ƙarfe da ake kashe ta da shi yana kashe murjani da anemoni da jatan lande, yana kuma maƙalewa a duwatsu, don haka ba ya shiga babban tanki ko kaɗan. Killacewar makonni 4 zuwa 6 a tankin da magani zai iya shiga ita ce kaɗai hanyar da ke ba mai kiwo damar ganin cuta da wuri ya kuma yi maganinta ba tare da ya yi asarar sauran halittunsa ba.

5.0 Nauyi na Uku: Matsayi

Ko da ruwa ya yi daidai kuma babu cuta, saura zaman tare, kuma a nan ne halittar wannan kifi ta bambanta da ta yawancin kifaye. Hans Fricke da Simone Fricke sun nuna a mujallar Nature a 1977, daga binciken da ya haɗa da Amphiprion bicinctus na Bahar Maliya, cewa a kowace anemoni mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuma ba sa haihuwa. Idan macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau matsayin miji, kuma wadda ta zama mace ba ta komawa namiji. Peter Buston ya ƙara haske a 2003 da bincikensa a kan Amphiprion percula a Madang ta ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda ya gano cewa kowane na ƙasa yana taƙaita girmansa ya tsaya a kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke sama da shi, don kada a kore shi. A 2024 kuma Kina Hayashi da abokan aikinta a Okinawa ta Japan suka nuna cewa Amphiprion ocellaris ya fi kai hari ga kifi mai ratsi uku irin nasa a kan mai ratsi ɗaya ko marar ratsi.

Abin da wannan ke koya wa mai kiwo ba ɓoyayye ba ne. Babban abokin gabar sabon kifin anemoni shi ne ɗan'uwansa. Manyan kifaye biyu da kowanne ya daɗe shi kaɗai, mai yiwuwa duka sun zama mata, kuma faɗansu ba shi da mafita tunda babu wadda za ta koma baya. Hanya mafi aminci ita ce a saka ƙanana biyu iri ɗaya lokaci guda, ko kuwa a kawo wanda ya fi na gida ƙanƙanta a fili. Idan akwai na gida, a ajiye baƙon cikin ƙaramin akwati mai huji-huji a cikin babban tanki na 'yan kwanaki, su ga juna babu cizo. Bayan an sake shi, 'yar kora da ɗan cizo ba abin tashin hankali ba ne, kuma idan aka ga ƙaramin ya karkata jiki yana karkarwa a gaban babban, wannan alamar miƙa wuya ce, ba ciwo ba. Haka nan maƙalewa a kusurwa ɗaya, ko iyo sama da ƙasa a jikin gilashi, ko ƙin abinci kwana ɗaya ko biyu, duk halin kifi ne da aka halitta don zama a ɗan ƙaramin wuri. Abin da ke buƙatar hannu cikin gaggawa shi ne haki, da yauƙin da ke saɓulewa, da yagaggun fikafikai, da kifin da aka hana shi kusantar abinci. Mai kiwon da bai bambanta waɗannan alamu iri biyu ba yakan riƙa sauya duwatsu da ruwa da abinci kullum, kowane sauyi kuma ƙarin nauyi ne.

6.0 Amsa ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce killacewa ita ma wahala ce: tanki ne ƙarami, fayau, sannan ga ƙarin kamu da ƙaura a ƙarshe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin tankin killacewar da aka haɗa ranar isowa, babu bakteriya a matatarsa, yana iya kashe kifi da amoniya kafin wata cuta ta bayyana. Amma laifin na mummunan shiri ne. Idan aka saka soson matata da ya riga ya nuna, da hita, da guntayen bututun roba don ɓuya, aka rage haske, to kifin ya samu wurin da babu mai korarsa, babu mai ƙwace masa abinci. Ƙaura ta biyu kuwa za ta same shi ne ya ƙoshi ya huta, ruwan tankunan biyu kuma ɗaya ne, sai ya zamana matsayi kaɗai ya rage masa ya nema.

Suka ta biyu ita ce yawancin kifin anemoni na kasuwa a yau haifaffen gona ne, tunda an fara hayayyafa shi don ciniki tun farkon shekarun 1970 a Fulorida ta Amurka, kuma irin wannan ya saba da abincin gwangwani, ya fi na teku tsabta. Haka ne, kuma shi ya kamata a fifita wajen saye. Sai dai tsabtarsa ta gona ce. Idan ya zauna a shagon da ruwa ɗaya ke zagaya tankunansa da na kifin da aka kamo daga teku, zai iya ɗaukar duk abin da suka zo da shi. Juriyar da ake yaba masa kuma tana da nata haɗarin, domin kifi mai juriya yana iya ɗaukar cuta bai nuna ba, ya kai wa maƙwabtansa marasa ƙarfi.

Suka ta uku ta fi sauran jan hankali: tunda anemoni ce gidansa na asali, me zai hana a saka masa ita tun ranar farko don hankalinsa ya kwanta? Amsa ita ce a teku yana buƙatarta ne don tsira daga masu cinsa, a tanki kuwa babu su, kuma gonakin kifi suna hayayyafa shi tsara bayan tsara ba tare da ita ba. Daga cikin ire-iren anemoni masu yawa, Daphne Fautin da Gerald Allen sun lissafa guda 10 kacal da ke karɓar wannan kifi, kuma kowane irin kifi yana da waɗanda ya saba da su. Amphiprion ocellaris a teku yana zama ne da Heteractis magnifica da wasu ire-iren Stichodactyla, waɗanda suna cikin mafi wuyar kiwo. Anemoni tana buƙatar haske mai ƙarfi da tankin da ya yi watanni da kafuwa. Idan ta mutu a sabon tanki, ruɓewarta tana ɓata ruwan baki ɗaya. Saka ta da wuri ƙara nauyi na huɗu ne a kan ukun da ake ƙoƙarin rabawa. Mai sha'awarta ya jira har tanki ya zauna da gindinsa.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ilimin jikin kifi da tsarin rayuwar cututtukansa da yanayin zamantakewarsa duk sun nuna hanya guda: a shirya tanki makonni kafin saye, a daidaita ruwan sauka da na shago, a gaggauta fitar da kifin da ya daɗe a leda, a killace shi makonni 4 zuwa 6, a shigar da shi babban tanki da lura da girma da iri, a jinkirta anemoni. Wani kaso na wannan aiki yana wuyan masu shaguna, domin su ne suka san yawan gishirin ruwansu, da ranar da kifi ya iso, da ko haifaffen gona ne ko kamun teku, kuma ya kamata su riƙa faɗa wa mai saye waɗannan abubuwa uku ko bai tambaya ba. Buston da García sun ƙiyasta a 2007 cewa macen Amphiprion percula tana iya kaiwa shekara 30 a teku. Halittar da ke da irin wannan tsawon rai ta cancanci a yi mata haƙurin wata biyu, kuma duk kifin da ya tsira a hannun mai kiwo ya rage buƙatar sake kamo wani daga duwatsun murjani.